Ku Zauna Kusa da Su Tun Makulli Yana Hannunsu

Duk wanda ya bi kwalta daga Damagaram ya nufi gabas, kafin ya wuce ƙasar Gure ya ga abin da rairayi ke iya yi. Tudu ne fari fat, bana yana can nesa, baɗi ya matso, bayan ƴan shekaru sai ka tarar ya zauna a bakin kwari yana shaƙe dabino da goriba. Mutanen Muniyo ba su naɗe hannu ba. Sun iya kafa shingen kalimbo da kaba a kan tudun, layi bayan layi, su yanka shi gida-gida kamar gurbin dara, in damina ta sauka su dasa itace a tsakani. Aiki ne mai cin jiki, ga rana ga iska, kuma ba a koyonsa a jikin allo. Sai ka bi wanda ya taɓa yi, ka ga yadda yake tarar iska, ka ga iya zurfin da yake binne gindin shingen.

Da ku nake, ƴan uwana masu aikin ɗakin karatu da adana takardu, musamman ku da ke cikin ɗakunan da ba kowa ya san da zamansu ba: ɗakin takardun ma'aikatar noma, na gandun daji, na asibiti, na kotu, na gidan rediyo, na cibiyar bincike. Da ku kuma nake, ƙannena ɗalibai maza da mata da kuka zaɓi wannan sana'a. Mu ma rairayi na bin mu. Tun daga farin 1973 da na 1984, babu furojen da ya shigo ƙasar nan bai bar rubutu ba. An auna ruwan sama, an auna zurfin rijiyoyi, an ƙirga dabbobi, an zana taswirar kwaruruka. Furojen PLECO, wanda ya yi aikin tsayar da rairayi a kwarurukan Gure da Maine-Sorowa, shi ma ya zo ya yi nasa kamar waɗanda suka riga shi. Duk rahoton da kuka ga yana nan har yau, a jere, ana iya ɗauko shi cikin minti biyar, to wani bawan Allah ne ya tsaya masa shekara da shekaru. Kuma waɗannan bayin Allah suna ta tsufa a gaban idonmu.

Na san yadda ake kallon aikin. Albashi kaɗan ne. A wasu ma'aikatu, in an gaji da ma'aikaci sai a tura shi ɗakin takardu, kamar wanda aka yi wa horo. Wasu ma mai gadin kwali suke ce muku. Kada wannan ya karya muku gwiwa ko kaɗan. Likitan da ke neman sabon bayani a kan cutar sanƙarau kafin zafi ya shigo, injiniyan da zai haƙa rijiyar burtsatse yana so ya san abin da waɗanda suka haƙa gabaninsa suka tarar, alƙalin da rigimar gona ta zo gabansa ana maganar wata takarda ta shekara talatin, dukkansu a ƙofarku suke tsayawa. Ranar da kuka ɗauko musu abin da suke nema, kun tsare kuɗin jama'a, wani lokaci kun tsare rai. Ba za a kira sunanku a rediyo ba, amma kun sani, kuma Allah ya sani.

Bari in ba ku labarin ranar da na gane cewa takardar shaidar makaranta ba ta gama mini komai ba. Ina ɗalibi aka tura ni koyon aiki, abin da muke ce wa istaj, a ɗakin takardun wata ma'aikata. Mai ɗakin dattijo ne, siriri, mai farin tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Na zo da kaye, wato littafin rubutu, cike da ƙa'idojin jera littattafai, na haddace lambobin Dewey, ina ganin babu abin da zai gagare ni. Sati na biyu wani jami'i ya shigo a gaggauce, gumi na zuba, ya ce, "Baba, duk abin da kuke da shi a kan hamada nake so." Ni kuwa na yi wuf na nufi akwatin katuna, na fara zaro su, sun fi a ƙirga.

Dattijon bai motsa ba. Ya ce, "Zauna tukuna, ɗana. Yaro, kawo masa ruwa." Da mutumin ya sha, sai ya tambaye shi wane kwari ne. Ya faɗa. Ya tambaye shi ko kuɗin dashe yake nema, ko kuwa dashen ne ya ƙi. Mutumin ya yi shiru, sannan ya sauke murya ya ce shekara biyu ke nan suna dasawa yana mutuwa, kuma ranar Alhamis zai tsaya gaban manyansa ya ba da dalili. Dattijon ya tashi. Bai je kantar hamada ba sam. Ya wuce can ƙurya wajen kwalayen rijiyoyi, ya sauko da ɗaya, ya busa ƙura, ya zaro wani rahoto da aka buga da tafireta, wanda ko kalmar rairayi babu a bangonsa. A shafukan ƙarshe akwai jadawalin ruwan kwarurukan yankin, kuma ya nuna cewa ruwan wannan kwarin kanwa ta yi masa yawa. Da shi suke shayar da dashen. Mutumin ya riƙe takardar da hannu biyu, ya daɗe yana kallonta.

Bayan ya fita, dattijon ya ce mini, "Ɗana, mutum ba ya zuwa da tambayarsa a baki, a aljihu yake ɓoye ta. Aikinka shi ne ka sa ya fiddo ta ba tare da ya ji kunya ba." Na ce, "Baba, ta yaya ka san jadawalin yana cikin wancan kwalin?" Ya ce shi ya karɓi rahoton ranar da aka kawo shi, kuma bai taɓa ɗora takarda a kanta ba sai ya buɗe ta tun daga farko har ƙarshe.

Wannan shi ne abin da ɗakin karatu na musamman ya bambanta da na gama-gari. A nan yawancin kayan ba littattafan kasuwa ba ne da in sun ɓace za a sayo wasu. Rahoto ne da aka buga kwafi ashirin, taswira ce da aka zana da hannu, kundin digiri ne na ɗalibin da ya kwashe wata shida a ƙauye, kaset ne na hirar wani tsoho da ya riga mu gidan gaskiya. In ɗaya ya tafi, ya tafi ke nan. Kuma rabin katalog ɗin irin wannan ɗaki a kan mai ɗakin yake. Shi ya san wane rahoto ne alƙalumansa abin dogaro ne, wane ne aka kwafo daga wani, wane ofis ne ke da shafukan da suka ɓace a namu, wa za a kira a Yamai ya buɗe ƙofa.

Ku ɗauki tarihin Gure kanta. Ɗalibi ya zo yana neman abin da aka rubuta a kan masarautar Muniyo. Wanda ya jima a aikin zai ce masa ya fara da Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Gure a watan Disamba na 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, zamanin Muniyoma Kosso. Zai tura shi ga takardun tawagar Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909 ta kuma tattara tarihin masarautun yankin. Zai ɗauko masa littafin André Salifou a kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971, da na Maikorema Zakari a kan Mangari, na 1985, dukansu a cikin jerin Études nigériennes. Sannan ya ja kunnensa a kan abin da na'ura ba za ta gaya masa ba: Faransawa Gouré da Mounio suke rubutawa, masu Ingilishi kuma Gure da Muniyo ko Munio, malamanmu kuwa da ajami suka rubuta nasu. In ka buga rubutu ɗaya kawai a kwamfuta, rabin abin da kake nema zai wuce ka, ka tashi kana cewa babu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma ƴan kwari sun fi kowa sanin haka.

Akwai kuma ilimin hannu, wanda ni a wurin dattijon nan na same shi. A hunturu takarda takan bushe ta yi ƙamas, in ka buɗe ta da ƙarfi sai ta karye a wurin ninki. Ya koya mini in sa tafin hannu a ƙarƙashinta in juya shafi daga sama a hankali. Ya hana ni bik a kusa da tsohuwar takarda, fensir kaɗai. Ya hana ni liƙa yagaggen shafi da salatif, domin bayan shekaru manninsa yakan ci takardar ya bar tabo rawaya. Ya nuna mini yadda ake cire ƙusar ƙarfe da ta yi tsatsa a ɗinke da zare. Kwali bai taɓa zama a ƙasa ba a ɗakinsa, sai a kan bulo, kuma da tazarar hannu tsakaninsa da bango saboda gara. Kowace Litinin da safe, kafin ya zauna, sai ya zaga bayan kantoci da tocila yana duba ko gara ta fara gina hanyarta. Ina bin sa a baya da tsintsiya. Ban ga wannan zagayen a wani darasi ba, amma shi ya sa takardun ɗakin suka kai shekarun da suka kai.

To ƙannena, ku je ku nemi irin waɗannan mutane. Makarantunku suna da daraja, kada ku raina su. EBAD ta Dakar tun 1967 take yaye ma'aikatan ɗakin karatu da adana takardu ga ƙasashenmu masu Faransanci, IFTIC ta Yamai tana horarwa a gida, sashen koyon aikin laburare na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana nan tun 1968. Sun ba ku ƙa'ida. Sauran kuwa sai a gefen tabarmar wanda ya yi aikin. Kada ku ɗauki istaj a matsayin wata uku na jiran sa hannu a takarda. Ku riga mai ɗakin zuwa. Ku share kanta ba tare da an ce ku share ba, domin mai share kanta shi ke fara sanin abin da ke kanta. Ku riƙe ƙaramin kaye, duk tambayar da wani ya shigo da ita ku rubuta, ku rubuta inda aka samo amsarta. In dattijo ya tsallake kanta uku ya ɗauko daga ta huɗu, ku bari baƙo ya fita ku ce, "Baba, me ya sa?" Matambayi ba ya ɓata. In ya yi muku faɗa, ku haɗiye. Dattijon da ya ga ka cancanci faɗa ya riga ya sa ka a lissafi.

Kada nisa ya zama hujja. Gaskiya ne daga Gure zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000, kuma manyan ɗakunan a can suke: na cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni, na cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 domin sha'anin yanayi da ruwa da noma, na cibiyar binciken noma ta INRAN, na CELHTO mai taskar tarihin baka tun 1968. Amma waya tana hannunku. Ku nemi lambar wanda ya ƙware, ku gabatar da kanku da ladabi, ku roƙi ya ba ku rabin awa a wata. Ku ɗauki hoton katin da kuka cika ku aika masa ya gyara. Damagaram tana kusa, da jami'arta. Kano da Zariya kuma sun fi Yamai kusa da mu. Su da Ingilishi suka yi karatu, mu da Faransanci, amma in kuka zauna da ma'aikacin Arewa House ta Kaduna ko na ɗakin karatun Jami'ar Bayero, Hausa za ku yi, kuma gararsu da tamu iri ɗaya ce.

Kuma ba hannu rabbana za ku je ba. Kuna da abin da dattawan ke buƙata. Kun iya manhajojin Koha da PMB, kun iya ɗaukar hoton shafi da waya ya fito tsaf, kun iya ajiye kwafi a wuri biyu. Da yawa daga cikin tsofaffin ɗakunanmu katalog ɗinsu yana cikin CDS/ISIS, manhajar da UNESCO ta rarraba kyauta tun shekarun 1980, a cikin tsohuwar kwamfutar da in ta mutu yau aikin shekara ashirin ya bi ta. Ku zauna da mai ɗakin ku kwashe shi zuwa sabuwa. Akwai kuma HINARI ta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2002, da AGORA ta Hukumar Abinci da Noma tun 2003, waɗanda ke buɗe dubban mujallun kimiyya kyauta ga asibitoci da jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasashe irin Nijar, in dai an yi rajista. Yarinyar da ta yi wa ɗakin karatun asibiti wannan rajista ta koya wa likitoci shiga, ta biya kuɗin karatunta a wurin dattijon tun kafin ya tambaya.

Yanzu gare ku, iyayenmu da yayyenmu da kuka yi shekara ashirin, talatin a cikin wannan ƙura. Ku gafarce ni in faɗi wata magana. A cikinmu akwai mai riƙe sani kamar yadda yake riƙe makullin ɗaki a aljihu, yana ganin in ya koyar za a daina nemansa. Na fahimci dalili. Mutumin da ba a taɓa gode masa ba, abin da ke kansa shi kaɗai ne darajarsa. Amma ritaya ba ta neman izni, ajali ma haka. Na taɓa sayen ƙosai a tasha, na buɗe takardar da aka naɗe shi, sai na ga jadawalin ruwan sama ne na wasu shekaru, da hatimin wata ma'aikata a kusurwa, mai ya jiƙe lambobin. Da na bincika, mai kula da ɗakin ya yi ritaya, ba wanda ya gaje shi, aka buƙaci ɗakin, aka fitar da kwalayen waje. Na tsaya a tashar nan da takardar a hannu, ƙosan ya kasa wuce mini maƙogwaro. Wani ya tashi da asuba shekara da shekaru yana duba ma'aunin ruwa domin a cika wannan jadawali.

Ba mu ne farkon masu wannan amana ba, kuma waɗanda suka riga mu da magada suka tsira. Boubou Hama, yana shugaban Majalisar Dokoki, ya bi gari-gari ana tattaro masa rubuce-rubucen Larabci da ajami, kuma su ne tushen taskar da ke IRSH a yau, mai rubutun hannu wajen 4,000. Ya rasu a 1982, taskar tana nan saboda an sami waɗanda suka karɓa. A Sakkwato, Waziri Junaidu ya buɗe ɗakin littattafansa da zaurensa ga masu bincike, har da Murray Last, saurayin da ya zo daga Ingila ya zauna gabansa, wanda littafinsa a kan Daular Usmaniyya ya fito a 1967. A Timbuktu, Mahmoud Zouber, shugaban cibiyar Ahmed Baba, shi ya jawo Abdel Kader Haidara cikin aikin a 1984, yana ɗan saurayi da ya gaji littattafan mahaifinsa, aka koya masa gane takarda da tawada da hannun marubuta, aka tura shi ƙauyuka neman rubuce-rubuce. Shekara 28 bayan haka, da masu makamai suka mamaye garin a 2012, wannan yaron na jiya ne ya jagoranci kwashe dubban ɗaruruwan littattafai a cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwale-kwale, zuwa Bamako. Ranar da Zouber ya kira shi bai san da wannan ba. Ya ga yaro ne mai amana ya ja shi a jiki.

Mu ma a yankinmu mun ga yadda rana ɗaya ke cinye aikin shekaru. A watan Janairu na 2015 wuta ta ci cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Damagaram, da ɗakin karatun da ɗalibai da yawa suka dogara da shi. Ana iya sake gini, ana iya sayo sababbin littattafai. Wanda zai san abin da ya kamata a sayo, da abin da masu karatun garin ke nema, sai wanda aka horar.

Abin da nake roƙonku ba shi da tsada. Ku ɗauki ɗalibi ɗaya a shekara. Kada ku bar shi a bakin ƙofa yana rubuta sunan masu shigowa. Ku ba shi kwali guda ya jera da kansa, ya yi kuskure, ku zauna ku warware tare. In baƙo ya zo da tambaya, ku ce yaron ya fara amsawa kuna gefe. In za ku je taro, ko na ƙungiyarmu ta ASNID ko na ma'aikata, ku tafi da shi, ku ce wa abokan aikinku, "Ga ɗana, ku riƙe shi." In ƴa mace ce, ku tsare mata mutuncinta a ofis kamar ƴar cikinku, domin mata da yawa ne ke shigowa wannan aiki kuma su za su riƙe shi gobe. Ku bar su su kunna waya su ɗauki muryarku kuna zagaya kantoci kuna faɗin tarihin kowane kwali: wa ya kawo shi, yaushe, me ya ɓace a ciki. Haka malamanmu na zaure suka yi tun fil azal. Almajiri ya karanta littafi a gaban malami baƙi bayan baƙi, malami ya ba shi ijaza da sunayen waɗanda shi ma ya karɓa daga gare su, ya miƙa masa gafaka.

Dattijona ya yi ritaya shekara huɗu bayan zamana da shi, kuma Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kayen da na cika a ɗakinsa yana nan a wurina, bangonsa ya tsufa, kuma ɗalibai uku sun kwafe shi da hannunsu.

Hutu yana tafe. Ɗalibi, ka sayi kaye da fensir, ka je ƙofar ɗakin takardun da ya fi kusa da gidanku, ko na ma'aikatar magajin gari ne ko na asibiti, ka yi sallama, ka ce ka zo koyo. Baba, in ka ji sallamar, ka amsa, ka jawo masa kujera kusa da taka. Allah ya yi wa aikinku albarka.